Me ya sa auta ya gaji sarautar gidan su Diana?

Tambaya: Marigayiya Gimbiya Diana da yayyenta mata biyu duk sun girmi ƙanensu Charles. Yaya aka yi shi ya gaji sarautar Earl (wani muƙamin hakimci na gado a Ingila) ta gidan Spencer? Kuma tunda aure fiye da ɗaya ya yi, ɗan wane ɗaki ne zai gaje shi?

Amsa: Malama, irin wannan sarauta a Ingila babu masu zaɓen sarki a cikinta, kuma mai riƙe da ita ba shi da ikon yin wasiyya da ita. Takardar naɗin farko ce ke yanke hukunci. Da aka ƙirƙiri sarautar Spencer a 1765, an ɗaure gadonta a kan 'ya'ya maza na sunna daga tsatson wanda aka fara naɗawa, babba kafin ƙarami.

Mahaifin su Diana, Earl na takwas, ya auri Frances Roche a 1954. Suka haifi Sarah da Jane, sai namiji a 1960 wanda bai kwana duniya ba, sai Diana a 1961, sannan Charles a 1964. Uban na rasuwa a 1992, sarauta ta faɗo kan Charles nan take. Auren uban na biyu, da Raine a 1976, bai canza komai ba, don ba su haihu ba.

Zancen ɗaki kuwa, doka ba ta san shi ba. Matar Charles ta farko, Victoria Lockwood, ta haifi mata uku kafin Louis a 1994. Shi ne magaji, ko da yake auren iyayensa ya mutu, kuma shi ake kira Viscount Althorp, laƙabin magajin gidan. Ƙanensa Edmund, ɗan mata ta biyu, yana bayansa. Ɗan da aka haifa ba aure, da ɗan riƙo, ba su cikin layi. In maza suka ƙare a zuriyar gaba ɗaya, sarautar ta mutu ke nan.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne dokar 2013 da ta daidaita mace da namiji a gado. Gadon sarautar ƙasa kawai ta shafa, ba ta taɓa ta hakimai irin su Earl ba. A ganina wannan gyara rabi ne.

Amma mace takan gada idan takarda ta yarda. Mountbatten, kawun mijin Sarauniya Elizabeth, ba shi da ɗa namiji, don haka da aka naɗa shi Earl a 1947 aka rubuta 'ya'yansa mata a ciki, kuma 'yarsa Patricia ta gaje shi a 1979. Wasu tsofaffin sarautun Sikotilan ma haka suke: a 1963 wata mai suna Elizabeth ta gaji sarautar Earl ta Sutherland daga ɗan'uwan mahaifinta, ɗaya sarautarsa ta Duke kuwa ta tafi ga wani dangi namiji na nesa.

Gidan Althorp, wato gidan gadon zuriyar Spencer, da filayensa lissafinsu daban ne. Dukiya ce, wasiyya da tsarin amana ke tafiyar da ita, sai dai al'adar gidan ita ce a bar wa mai sarauta don kada a rarraba ta.