Yadda za ka auna lokacin aiki da na hutu

Malam, ka tambayi yadda ɗan kasuwar Kantin Kwari zai gane ko yana daidaita aiki da hutu da nishaɗi. Ka yi mako guda kana rubuta abin da ka aikata tsakanin kowace salla da mai bi mata, domin salloli biyar sun riga sun raba maka yini kashi-kashi. Cikin awa 24, ka fara ware aƙalla 7 na barci, gwargwadon abin da likitoci suka ce baligi yana buƙata, kuma ƙailula tana taimakawa ƙwarai a zafin Afrilu. Lokacin da cunkoso ya cinye maka cikin adaidaita sahu, a ganina, a lissafin aiki yake. Latsa waya bayan isha'i kuwa ka rubuta shi daban, saboda yawanci daga rabon barci ake yankarsa.