Kafin ka ɗora wa kompaila laifin yoyon memori

Ka ce tun da kuka sabunta GCC, kompailan da ke mayar da kod ɗinku manhaja, manhajarku ke cinye RAM har Linux ya kashe ta, wai ko kompaila ne. Yaro, ku 'yan yanzu gaggawar neman mai laifi ta yi muku yawa. Galibi ciwon yana kwance cikin kod ɗinka, sabon kompaila tona shi kawai ya yi. Da GCC 6 ya fito a 2016 ya fara share binciken this == NULL, manhajoji suka riƙa faɗuwa, kuma laifin marubutansu ne.

Fara wanke kanka. Haɗa manhajar da -g -fsanitize=address,undefined, wato sanitaiza mai kama kurakuran memori. Sake haɗawa ba sanitaiza, ka bi ta valgrind --leak-check=full, mai farautar yoyon memori, don shi da sanitaiza ba sa zama tare. Layukan "definitely lost" su ne naka. In valgrind ya yi shiru amma VmRSS, wato yawan RAM da manhajar ke riƙe da shi, na hawa, wani jeri ne ke tara kaya ba ya saki, sai ka kira heaptrack, mai nuna inda ake tara memorin. Karanta sakamakon kuwa, wanda bai iya ba ya koma makaranta.

Sannan kod ɗaya, laburare ɗaya, inji ɗaya, kompaila kaɗai za ka sauya, a -O0 (ba ingantawa) da -O2 (da ingantawa). Rashin wannan ne ya ci mu a aikin wani dillalin kaya a unguwar Nima ta Accra. Wani yaronmu ya sabunta kompaila da laburare biyu rana guda, bai rubuta ko'ina ba. Sabar ta riƙa mutuwa duk kwana uku, mu kuma mako biyu muna tonon kod mai lafiya. Ashe a -O2, idan exception (kuskuren da ke katse aiki) ya tashi, sabon kompaila na tsallake destructor ɗin wani abu na wucin gadi, wato kod ɗin da ke sakin memorinsa. Duk rasit ɗin da ya gaza sai 'yan kilobait su zube. Muka gyara, mutumin ya danne ragowar kuɗinmu, wai mu muka ɓata masa ciniki. Har yau ba na bin layin shagonsa.

In ka kama irin wannan, rage kod ɗin da cvise har ya koma 'yan layuka, ka gwama objdump -d na abin da tsoho da sabon kompaila suka fitar, ka ga inda kiran delete ya ɓace. Git bisect a kan tushen GCC zai nuna gyaran da ya jawo ɓarnar. Kai rahoto Bugzilla, shafin karɓar rahoton kurakuran GCC, tare da fayil ɗin .ii da -save-temps ke fitarwa, ka ɗaure tsohon kompaila cikin Docker, akwatin da ke killace manhaja da kayan aikinta, kafin su gyara.