Amsa ga ɗan'uwan da VA ta hana ƙarin kuɗi kan fitsarin dare

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce hukumar tsofaffin sojoji ta Amurka, VA, ta riga ta ba ka kashi 50 a ma'aunin nakasa da take biyan diyya da shi, saboda ɗaukewar numfashi a barci, kana kwana da na'urar CPAP mai hura maka iska ta takunkumi, amma har yau kana tashi fitsari sau uku ko huɗu kafin asuba. Ka nemi ƙari, suka mayar maka da takarda wai ba a gano wata cuta ba. Ni ma na yi soja a ƙasar nan, na bi ta wannan hanya, kuma na raka wasu 'yan'uwa. Kada ka karaya, maganarka tana da gyara.

Abin da ya kayar da kai shi ne, a wurin VA yawan fitsarin dare alama ce kawai. Mai duba fayil yana neman sunan cuta da likita ya rubuta da hannunsa: mafitsara mai saurin motsi, ko kumburin furostet, ko makamancin haka. In babu wannan suna a fayil ɗinka, ko sau goma kake tashi, da wuya ka wuce. Saboda haka fara da likitan mafitsara, ya auna ka, ya duba sukarinka, ya duba magungunan da kake sha. Wasu magungunan hawan jini aikinsu ke nan, fitar da ruwa daga jiki. Ciwon sukari ma yana sa mutum zarya banɗaki. Wannan gwaji don lafiyarka ne tun kafin a zo maganar kuɗi, don na san wanda ya je neman takarda ya tarar sukarinsa ya yi nisa bai sani ba.

Sai alaƙar fitsarin da numfashin, wadda yawancinmu ba a taɓa yi mana bayaninta ba. Idan maƙogwaro ya toshe cikin barci, ƙirji yana ta jan iska da ƙarfi, kamar mai zuƙar kunu da tsinken da ya toshe. Wannan jan yana miƙar da bangon zuciya, ita kuma sai ta ɗauka ruwa ya yi wa jiki yawa, ta saki wani sinadari da ake kira ANP, wanda yake sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Mafitsara ta cika da tsakar dare ko da ba ka sha komai ba bayan isha'i. Likitocin barci sun daɗe da sanin haka. Dokar VA kuma, sashe na 3.310, ta yarda a biya mutum kan cutar da wata cutar da aka riga aka amince da ita ta haifar, ko ta ƙara tsananta. Tunda numfashinka yana cikin fayil, ba sai ka nuna fitsarin ya fara tun kana cikin kaki ba. Abin da kake buƙata wasiƙar likita ce da za ta ce yiwuwar alaƙar ta kai aƙalla rabi da rabi, ya kuma faɗi dalilinsa daga bayanan jikinka. Wasiƙar layi biyu ba tare da dalili ba ba ta da nauyi a wurinsu.

Za su iya ce maka ai CPAP tana rage fitsarin dare, to me ya sa naka bai ragu ba? Gaskiya ne tana ragewa ga mutane da yawa. Na'urar tana ajiye lissafin awannin da ka yi da ita da yawan ɗaukewar numfashin da ta rage. Ka sa a fitar maka da wannan lissafi ka kai wa likitan. Wataƙila takunkumin yana yoyon iska, ko ƙarfin iskar ya yi maka kaɗan. In an gyara ka samu sauƙi, alhamdu lillahi, barci ya fi kowane cek. In ba ka samu ba, ka ƙara hujja.

Ga yadda suke lissafi a sashe na 4.115a. Tashi sau biyu a dare kashi 10 ne, sau uku zuwa huɗu kashi 20, sau biyar ko fiye kashi 40. Da rana ma suna duba tazarar da ke tsakanin zuwa banɗaki: awa biyu zuwa uku 10, awa ɗaya zuwa biyu 20, ƙasa da awa ɗaya 40. Amma ba sa tara kaso kai tsaye. Mai 50, saura 50 ake ɗauka a fitar da sabon kason daga ciki, sannan a ƙara shi a kan 50 ɗin farko. Idan aka ba ka 20, jimla 60 ke nan. Idan 10 aka ba ka, ya zama 55, a ɗaga shi zuwa 60. Sai da 40 za ka kai 70. Na faɗi haka don kada ka sa rai da abin da ba zai zo ba.

Yanzu abin da ya fi damuna da mu. Ranar gwajin C&P, wato gwajin da VA take sa a yi wa mai neman diyya, likita zai ce yaya jiki, mu kuma bakinmu ya saba da lafiya lau. An tarbiyyantar da mu a kan haƙuri da kunya, ga maganar fitsari ba ta faɗuwa a gaban baƙo, balle in mace ce take tambaya. Duk abin da ka faɗa a ɗakin nan ana rubutawa. Na zauna da wani dattijo da ya yi Iraƙi, mutumin da matarsa ta koma ɗakin yara saboda tashinsa da munsharinsa, amma a gaban likita ya ce ba wani abu ba ne, yana lallaɓawa. Haka aka rubuta masa. Ban ce ka ƙara ko ɗaya a kan gaskiya ba, ƙarya haramun ce kuma laifi ne a dokarsu. Ka faɗi abin yadda yake: sau nawa kake tashi, yadda gyangyaɗi ke kama ka a tuƙi, yadda sallar asuba take kuɓuce maka don sai gab da alfijir barci ke ɗaukar ka. Kafin ranar, ajiye littafi da biro kusa da gado da robar awo mai lamba a banɗaki, ka riƙa rubuta ƙarfe nawa ka tashi da yawan abin da ya fita. Kada ka yi wannan rubutu cikin azumi, shan ruwan dare da sahur za su ɓata lissafin. Uwargida ma ta rubuta abin da take gani a fom 21-10210, shaidarta karɓaɓɓiya ce.

Ga sauran 'yan'uwa da ko numfashin ba a amince musu ba tukuna: sai an yi muku gwajin barci kafin a yi maganar komai. Dokar PACT ta 2022 ba ta sa ɗaukewar numfashi cikin cututtukan da ake amincewa da su kai tsaye ba, amma ta ƙunshi toshewar hanci mai naci ga waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan, kuma ta nan wasu suke haɗa alaƙar. A Fabrairun 2022 VA ta gabatar da shawarar sauya ma'aunin, ta yadda CPAP kaɗai ba za ta kai mutum 50 ba. Wanda yake da niyyar nema ya cike fom 21-0966, na sanar da niyya, ya kama kwanan wata, yana da shekara guda ya haɗa takardunsa.

Kada ka ba kowa sisinka a kan cike fom. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilai da VA ta tantance, kyauta suke yi. Masu talla a Facebook da suke neman kuɗin wata biyar daga ƙarin da ka samu, ka yi nesa da su.

Kai naka ba sabon nema ba ne. Fom 20-0995 za ka cike, na ƙarin hujja, ka haɗa da sunan cutar da wasiƙar likitan da littafin nan. Duba kwanan watan da ke saman takardar da suka aiko maka. In ka shigar kafin ta cika shekara, kuma aka amince, za a biya ka tun daga ranar nemanka na farko. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa a dace.