Tambayi Gwaggo: Yara 12, zaure ɗaya, dogon hutu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina koyar da 'yan nazare a Gusau. Dogon hutu ya ƙarato, maƙwabta kuma sun matsa mini in tara musu ƙananan yara na mako 4. Su 12 ne, 'yan shekara 3 zuwa 5, har da nawa guda. Burina su so littafi, amma iyayen sai tambayata suke wane littafin rubutu za a saya, kuma ko za a riƙa ba da aikin gida. Abin da nake da shi zaure ne, da tabarmi 3, da littattafai 7, biyar ma na Turanci ne. Ta ina zan fara?

Wata malama, Gusau

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya yi albarka.

Ki fara da iyayen. Ki tara su tun kafin ranar farko ki gaya musu ba lesin za ki buɗe ba, babu aikin gida, babu jarrabawa, babu bulala. Wanda bai yarda ba ya riƙe ɗansa, ba a yi faɗa ba.

Na daɗe ina riƙe da aji ɗaya na firamare, kuma akwai yara biyu da har yau ban manta ba. Namijin ya zo mini yana rera A zuwa Z kamar rediyo, amma da na miƙa masa littafi sai ya noƙe kafaɗa, ido ya kawo ruwa, don a saninsa inda littafi yake nan dorina take. Macen kuwa ko harafi ɗaya ba ta sani ba. A ɗakin kakarta ta tashi, cikinta fal tatsuniya. Da zarar na buɗe shafi sai ta matso tana cewa, "Malama, sai me ya faru?" Kafin ƙarshen shekara ta wuce shi nesa. Irin wannan yarinyar nake so ki sallama a ƙarshen makonni 4 ɗin nan, har guda 12.

Saboda haka tatsuniya ce jarinki. Ki buɗe kowace safiya da "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta." A gidanmu ba a tatsuniya da rana sai an ɗaure Gizo, don haka in wata tsohuwa ta yi magana, ki ƙulla bakin zani a gabanta ki ci gaba. Minti 10 ya ishi ɗan shekara 3, kada ki ja. Ki sauya murya, ki yi tsamin bakin Gizo, ki tsaya daidai inda kura ta buɗe baki ki tambaye su yadda za a yi. In sun ce a sake ta jiya, ki sake, ko sau biyar ne. Ke ce kike gajiya da ita, su kam a maimaicin suke kama kalmomi. Ki kuma roƙi kakar ɗaya daga cikinsu ta zo ranar Alhamis, za ki ji waɗanda ke ma ba ki taɓa ji ba.

Ga inda littafi zai shigo. Bayan an yi ƙurunƙus, ki ba kowa takarda ya zana abin da ya ji. Ki bi su ɗaya-ɗaya ki ce, "Mene ne wannan?" Abin da yaro ya faɗa, shi za ki rubuta a ƙasan zanen da manyan baƙaƙe, yana kallo, ba gyara. In ya ce "Ƙoƙi tana kuka don Gizo ya cinye tuwo," haka za ki sa. Ranar Juma'a ki haɗa takardun, ki yanko kwalin taliya ya zama bango, ki ɗinke da allura da zare. Ranar da yaro ya ga maganar bakinsa ta zauna a takarda, gobe aka buɗe aka same ta yadda ya faɗa, ya gane amfanin rubutu. Littattafanki 7 kuma sun fara haihuwa.

Na Turancin kada ki ajiye su. Ki bi hotunan ki ba da labarin da Hausa. In kina da data, shafin African Storybook da na StoryWeaver suna da labaran yara da Hausa kyauta. Ki sauke ki kai a buga miki, ya fi a yi ta miƙa musu waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allon waya ko talabijin, kuma ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki. Wannan na biyun ya shafe ki: zama kaɗan, tsalle da yawa.

Wani abu da malamai ke mantawa: yawancin yaranki suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, inda ake farawa daga dama. Boko daga hagu yake tashi. In kina karanta musu ki riƙa bin layi da yatsa, ki bar su su juya shafi da kansu. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ido zai ɗauka.

Haruffa kuwa, damina ta ba ki kayan aiki. Ku kwaɓa laka kowa ya gina harafin farko na sunansa, a shanya a zaure. Harafi ɗaya ya isa. Ku yi wasan kunne: baki da baƙi, kafa da ƙafa, wa ya ji bambanci? Ku yi kacici-kacici, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," ki ɓoye tsintsiyar a bayan ƙofa su nemo. 'Yan shekara 5 za su riga ƙanana amsawa, sai ki naɗa su masu rabon littafi don bakinsu ya huta.

Daga ƙarfe 9 zuwa 11 da rabi ya wadatar. Ki nemi budurwa guda ta taya ki, don mutum ɗaya ba ya iya yara 12 da kai su bayan gida. Ki duba kada ruwa ya kwanta a bakin zauren saboda sauro, wanda jikinsa ya yi zafi kuma a mayar da shi gida a kai shi asibiti.

Za su yaga littafi, wannan ba makawa. Ki tanadi salatif, ku liƙe tare da wanda ya yaga, kada ki kulle sauran a akwati. Ranar rufewa ki gayyato iyayen, kowane yaro ya riƙe littafin kwalinsa ya "karanta" wa mahaifiyarsa. Da ka yake yi, na sani, ke ma kin sani, amma ki ja kunnen iyayen tun a ƙofa kada wanda ya ce masa "ai ba haka aka rubuta ba." Ki aiko mini da guda in gani.

Gwaggonku