Hukuncin daɗewa a shawa a gidan haya mai mitar ruwa ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina haya a Kubwa, Abuja, a gida mai sassa huɗu. An sa mana mitar ruwa guda ɗaya, idan takardar kuɗi ta zo sai mu raba huɗu daidai wa daida. Ni kuwa idan na shiga wankan janaba nakan kai minti 20 shawa na zuba, domin zuciyata ba ta natsuwa cewa ruwa ya game jikina. Kuɗin ya yi yawa har an fara gunaguni. Wani abokina mai ɗan karatu ya ce ba a sayar da ruwa a Musulunci, don haka mu kira mai gyaran famfo ya ja mana bututu ta bayan mita. Shin wankan shawa ya inganta? Akwai almubazzaranci a ruwan da mutum ya biya da kuɗinsa? Maganar abokina fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wankan shawa ya inganta, babu mai ja a kan wannan, matuƙar an yi niyya, ruwa ya game jiki, an tsettsefe gashi, an kuma cuɗa kamar yadda mazhabarmu ta Malikiyya ta wajabta.

Ɗan'uwa, ka ce ruwan da mutum ya biya da kuɗinsa. A nan ne hukuncinka ya bambanta da na wani, domin kai ba da kuɗinka kaɗai ake biyan ruwan nan ba. Da mitar taka ce kai ɗaya, da na ce maka wuce gona da iri a ruwan tsarki makaruhi ne a wurin mafi yawan malamai, ka tuba ka rage. Amma mita ɗaya ce, kuma huɗu ake rabawa. Duk naira huɗun da ƙarin wankanka ya jawo, uku daga aljihun maƙwabtanka suke fita. Bambancin da aka saba, kamar wannan yana da 'ya'ya uku wancan yana da biyu, sun yafe wa juna shi tun ranar da suka yarda a raba daidai. Abin da ya fita daga al'ada kuwa ba su yafe ba, gunagunin da ka ji shi ne shaida. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Saboda haka a halinka abin ya wuce karhanci, ya shiga haƙƙin bayin Allah.

Ka tara bokiti a ƙarƙashin shawarka na minti ɗaya ka gani da idonka. Idan ruwa na da ƙarfi, shawa takan zubar da wajen lita 10 a minti. Minti 20 ke nan lita 200, jarka takwas mai cin lita 25. Wanda yake haka kullum, a wata ya sheƙar da lita 6,000 shi kaɗai. Anas ɗan Malik ya ce Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, sa'in nan kuwa bai wuce wajen lita uku ba. Ba iyaka ba ce da aka wajabta, kuma ban ce kada ka watsa ruwa ka ji sanyi a lokacin zafi ba. Amma wani mutum ya taɓa ce wa Jabir ɗan Abdullahi sa'i ba ya isar sa, sai Jabir ya ce ya ishi wanda ya fi ka yawan gashi kuma ya fi ka alheri. Ibn Abi Zaid ma ya faɗa a Risala cewa ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, yin ɓarna da shi kuwa wuce iyaka ne da bidi'a.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne rashin natsuwar da ka ambata. Wannan waswasi ne, kuma ruwa ba ya maganinsa, duk yadda ka ƙara sai ya nemi ƙari. Malamanmu sun ce wanda kokwanto ya aura, yana zo masa kullum, hukuncinsa shi ne ya yi watsi da shi. Ba a nemi ka kai ga yaƙini a kan kowane gurbin gashi ba, rinjayen zato ya isa. Ka fara wankan sabulu ka ɗauraye tas, domin ruwan da sabulu ya jirkita ba ya ɗauke janaba a wurinmu. Sannan ka yi niyya, ka yi alwala, ka buɗe shawa ruwa ya bi kai da jiki, ka rufe, ka bi jikinka da hannu tun yana jiƙe: hammata, cibiya, matsematsi, bayan gwiwa, tsakanin yatsu. Halil ya faɗa a Mukhtasar cewa cuɗawa ta isar ko da bayan zuba ruwan ne, don haka babu dalilin barin famfo a buɗe kana cuɗa. Idan ka fito zuciya ta ce ka koma, kada ka koma. In shawar ce ke jan ka, ka bar ta na wata ɗaya ka koma bokiti da moɗa, ruwan da ka ɗiba shi ne iyakarka.

Maganar abokinka kuwa kuskure ce, kuma na sha jin ta a bakin mutanen kirki. Hadisin da yake nufi yana nan, Abu Dawud ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Muslim kuma ya ruwaito hanin sayar da rarar ruwa. Amma wane ruwa? Ruwan kogi da na sama da idon ruwan da ke daji, wanda babu wahalar kowa a cikinsa, da kuma rarar rijiyar makiyaya da mai ita zai hana don ya kori dabbobin wasu daga ciyawar da ke kewaye. Ciyawa tana cikin hadisin nan, amma ba wanda ya ce mai yanko ta ya kai kara ya ci haram. Annabi (SAW) da kansa ya yaba wa wanda zai ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan ya yi roƙo, alhali itacen daji na kowa ne kafin a saro shi. Haka ruwa, da zarar an ɗebo shi an killace ya zama dukiya, shi ya sa malamai ba su hana cinikin ɗan garuwa ba. Rijiyar Ruma a Madina tana da mai ita a lokacin da Musulmi ke cikin buƙata. Annabi (SAW) bai ce a ƙwace ta ba, cewa ya yi wa zai saye ta, Sayyidina Usman ya saya ya mai da ita wakafi.

Ruwan da ke zuwa famfonku an tare shi ne a madatsar Usuma, an tace, an sa masa magani, an bi da shi ta bututu mai nisa, akwai ma'aikatan da ake biya. Wannan ɗawainiyar ake biya. Idan abokinka ya ce ai kayan gwamnati namu ne, to wannan ya ƙara wa abin nauyi, domin dukiyar jama'a masu ita ba su ƙirguwa balle ka bi su neman yafiya. Kun kuma karɓi mitar a kan sharaɗi, Allah ya ce ku cika alkawura. Ga cutarwa a kai: irin wannan haɗin na ɓoye yakan yi yoyo a ƙarƙashin ƙasa, ya rage wa na ƙarshen layi ƙarfin ruwa, idan an ɗauke ruwa kuma ƙazanta ta samu hanyar shiga bututu. Ka kuma sani Hanbalawa suna ganin tsarki da ruwan ƙwace bai inganta ba sam. Mu muna cewa ya inganta tare da zunubi. Kai da tsoron ɓacin wanka ke tsayar da kai minti 20, yaya za ka jefa kanka cikin wannan saɓani da hannunka? Idan kuna ganin an yi muku aringizo, ku ɗauki hoton lambar mitar ku je ofishin hukumar ruwa, wannan haƙƙinku ne.

Abin da ya wuce, ka samu maƙwabtanka ka ce musu kana ganin amfaninka ya fi nasu, ba sai ka faɗi dalili ba. Ka nemi su yafe, ko ka ɗauki kaso mafi girma na wasu watanni. Idan da hali kowane sashe ya sa ƙaramar mitarsa, ya fi zaman lafiya. Kafin kuma ka ɗora wa kanka dukan laifin, ku rufe famfunan gidan da dare ku rubuta lambar mita, ku duba da asuba kafin kowa ya taɓa ruwa. In ta motsa akwai inda ke yoyo, sau da yawa tankin masai ne ke tsiyaya ba a ji. Gyaransa ku daidaita da mai gida.

Allah ya yaye maka waswasi. Wallahu a'alam.