Ba gardama Baba yake yi ba, yatsansa ne ba ya jin komai

Salamu alaikum 'yar'uwa. Da kika ce idon Baba ya yi rauni, kin saya masa salula ta shafe-shafe ya tura ta ƙarƙashin katifa, kina tambaya ko jijjiga za ta taimaka masa, wallahi kamar labarina kike bayarwa. Ni ma hawan jinin ido ne ya kai ni nan.

Tsohuwar salularmu mai maɓallai tana da ɗan ƙullutu a kan lamba 5. Da shi muke gane sauran lambobi ko cikin duhu. Gilashi kuwa sumul yake, ka taɓa ba ka san ko ka taɓa ba.

Wannan rashin ne ya sa na miƙa wa wani yaro salulata a kasuwar Tahoua ya tura wa ƙanwata kuɗi Yamai. Na faɗa masa lambar sirri da bakina. Yaron da nake saya wa shayi, wanda ubansa ke gaishe ni a masallaci! Jikka talatin ya kwashe. Da na koma, ya rantse ni ne na danna ba daidai ba, wai makaho me ya sani. Mutane na tsaye, ba wanda ya ce uffan. Kuɗin ban damu da su ba kamar wannan kalmar. Na bar shi da Allah, amma har yau in na ji muryarsa sai na sake hanya.

To, ki shiga Paramètres, wajen Accessibilité, ki kunna TalkBack, wato muryar da ke karanta wa mutum abin da ke kan gilashi. A cikinsa akwai wurin sauti da jijjiga: in yatsa ya faɗa kan wani abu sai salula ta ɗan motsa, in shi ake so a taɓa sau biyu. A Gboard ma, wato allon haruffan da ake rubutu da shi, ki kunna jijjigar dannawa, ki ƙara mata ƙarfi, don hannun tsoho ya yi kanta. Muryar tawa faransanci take yi, kuma cikin hayaniyar kasuwa ba a jin ta, motsin nan ne ke gaya min na danna.

Kada ki saya masa wata sai ya riƙe ta a hannunsa. Masu araha da yawa ɗan injin ne mai juyawa a ciki, sai ya yi ta gurnani, dannawa ɗaya da biyu duk ɗaya. Na taɓa riƙe iPhone ɗin wani ɗan'uwa, irin salular da ke da VoiceOver, wato nata TalkBack ɗin, tun 2009, bugunta tsaf kamar ƙwanƙwasa ƙofa, amma ina kuɗinta?

Kuma don Allah ku daina karɓe salular daga hannunsa in ya yi kuskure. Matata haka ta riƙa yi min, don tausayi ne, amma sai da na yi wata biyu ban koyi komai ba. Ku kai shi likitan ido ma, kada ya fasa ɗiga magani. Ki gaida min Baba.