Me ya sa ango ne ke sauka daga kan al'adarsa a finafinan auren al'adu biyu?

Kin tambaya me ya sa a finafinan soyayya na barkwanci kan auren al'adu biyu, galibi ango ne ke rusuna wa dangin amarya. Dalilin yana cikin ginin labarin. Marubuci na da kamar minti 90 ne kawai, sai ya tattara rikicin a gida ɗaya. Gidan amarya yakan zaɓa, domin a nan ake kallon 'ya mace a matsayin mai riƙe mutuncin zuri'a. Uba ya kafe, uwa ta bi ta bayan fage tana lallaɓa shi har ya ɗauka dabarar tasa ce. A fim ɗin My Big Fat Greek Wedding na 2002, wanda Nia Vardalos ta rubuta, sai da aka yi wa ango baftisma a cocin Girkawa, wato cocin dangin amarya, kafin aure.

Matsalar ita ce dangin ango kan koma 'yan rakiya marasa baki, kuma a rufe labari ranar biki. Wannan ya fi damuna, don babban gwajin sai an haihu yake zuwa: sunan jariri, harshen da za a yi masa, da addinin da zai tashi a ciki.